Masu jinyar tsofaffi har gida a Zariya, ga yadda na same su

Akwai wasu nas-nas a Sabon Gari da suka haɗa kai suna bin gidaje duba tsofaffi, su muka ɗauka tun da Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki aka sallamo mu daga asibitin Shika. Na san masu cewa abin kunya ne bare ta wanke maka uwa, to amma Yaya yana Abuja, ƙanwata aure ya kai ta Kano, ni kuma ina Samaru wajen aiki tun safe sai la'asar, wa zai juya ta a gado?

Aikinsu dai gaskiya sai sam barka. Wadda aka turo mana tana shigowa za ta durƙusa, "Hajiya ina kwana, ya ƙarfin jiki?", sannan ta auna hawan jini da suga ta rubuta a littafi. Ita ta koya mana juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, da tura filo ƙarƙashin ƙafa kada diddige ya dinga gugar katifa. Har kicin ta leƙa ta hana mu zabga magi da gishiri a miyar kuka, Hajiya ta yi fushi, ta ce miyar lami ake ba ta.

Inda suka gaza, lokaci. A ce ƙarfe tara sai ka gan su sha ɗaya, kullum go-silo a Kwangila. Kuma suna yawan canza nas, tsohuwa ta saba da hannu ɗaya sai a kawo mata baƙuwar fuska ta ƙi cin abinci. Ba sa kwana. Kuɗin kuma, in ka haɗa da pampas na manya, fanshon wata bai isa ba, karo-karo muke yi.

Abin da ke ba ni haushi, tun 2018 Buhari ya sa hannu a dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta sa tsofaffi cikin masu rauni, amma a unguwarmu ban ga wanda ya amfana ba. Ana ta ba mu labarin Japan wai masu shekara 65 zuwa sama sun kusa kashi 30 cikin ɗari, mu namu ba su kai ko kusa ba amma mun kasa.

In za ka ɗauke su, tun farko ka kafe a kan nas ɗaya, mace ga mace, kuma kar ka yi taransifa na wata gaba ɗaya, biya sati-sati.