Gidan Klagon ko na Shai Hills? Amsa ga Hajiyar da ke son barin haya a Mamobi

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a shiga da ƙafar dama. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: Hajiya ta gaji da biyan haya a Mamobi ta birnin Akra, an nuna mata gida biyu masu ɗaki uku-uku a cikin sababbin unguwannin nan da kamfanoni ke ginawa su zagaye da katanga. Ɗaya a Klagon, bayansa na kallon fadamar Sakumono. Ɗaya a hanyar Akosombo, gaba da Afienya, ana hango duwatsun Shai Hills daga tsakar gida. Kuɗinsu kusan ɗaya, dillalan kuma bakinsu ya zo ɗaya: maƙwabcinki filin gwamnati ne, ba mai zuwa ya yi gini ya tare miki iska. Shagonta yana Nima, yara suna makaranta. Wanne za ta ɗauka?

Sana'ata gini ce, don haka daga ƙasa zan taso. Amma kafin nan, maganar "kuɗinsu kusan ɗaya" ta tsaya mini a rai. Klagon tana tsakanin Lashibi da Tema, inda fili ke da tsada kamar me. Shai Hills kuwa tafiyar wajen kilomita 50 ce daga tsakiyar Akra. In gida a Klagon ya sauko har ya yi kafaɗa da wancan, akwai dalili, kuma dillali ba zai faɗa miki ba. Araha ba ta ado.

Fadamar Sakumono da gandun Shai Hills gwamnati ce ta killace su, sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ke kula da su, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Sakumono fadama ce. A 1992 aka sa ta cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke karewa, faɗinta hekta 1,364, ɗaya daga cikin wurare shida irin wannan a Gana. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a can, mutanen Tema kuma suna da lokacin da a al'adance suke rufe kamun kifi a tafkin. Abin da ya shafe ki shi ne aikin da fadamar ke yi wa gari. Ruwan saman da ya gangaro daga Ashaiman da unguwannin arewa a nan yake taruwa ya kwanta, sannan ya riƙa fita teku a hankali ta wata matsattsiyar kafa a ƙarƙashin titin bakin teku na Akra zuwa Tema. Duk wanda ya kawo tifa-tifa na jar ƙasa ya cike wani sashe ya kafa gida, ruwan da ke kwanciya a nan bai ɓace ba, gidan wani ya koma. Sau da yawa gidan da ya ci ruwa ba shi ya yi laifin ba, na gabansa ne ya fi shi cikawa.

Sai batun katafila. A 2022, lokacin Henry Quartey yana ministan yankin Akra, an shiga wurin an rushe katangu. A 2025, ƙarƙashin ministar yankin Linda Ocloo, an koma an rushe gine-gine. Gwamnati biyu ke nan, jam'iyya biyu, kada wani ya ce miki siyasa ce za ta wuce. Asalin rikicin kuwa, tun 1952 gwamnati ta karɓi filin Tema ta damƙa wa TDC, wato hukumar raya Tema, amma dangogi da masu sarauta da masu da'awar wakiltarsu ba su daina sayarwa ba. Takardar da wani dangi ya sa wa hannu, komai kyan hatiminta, ba ta tsayar da katafila in harsashin yana cikin iyakar da aka haramta. Ban ce duk Klagon haka take ba. Akwai gidaje a kan tudu masu takarda tsaf. Amma gidan da ake tallarsa da cewa bayansa na kallon fadama, shi ne ya fi kusa da layin.

Shai Hills dutse ne da ciyawa. An killace shi tun 1962, yanzu faɗinsa murabba'in kilomita 51, yana da ƙofa da masu gadi da masu yawon buɗe ido. A 1892 Turawan Ingila suka sauko da mutanen Shai daga kan duwatsun, jikokinsu har yau suna hawa ziyara lokacin bikinsu na shekara. Iyakar tsohuwa ce, sananniya, ba ta cikin taɓo, kuma unguwannin da ake ginawa galibi suna can nesa da ita. Tsoron rusau a nan kaɗan ne. Amma kalmar dillali rabin gaskiya ce: gandun ne aka kare, fegin da ke tsakaninki da shi na mutane ne, gobe za a yanka shi fuloti-fuloti. Kuma yankin cike yake da wuraren fasa dutse, daga nan ake kai wa Akra da Tema tsakuwa. In unguwar na kusa da ɗaya, za ki ji nakiya ta tashi har tagogi su yi kaɗawa, ƙura ta kwanta a kan shanya, tifofi su cinye hanya. Ki je ranar aiki, ba Lahadi ba, ki tsaya har la'asar. Akwai makarantar horar da sababbin sojoji a yankin ma, kada ƙarar bindiga ta firgita ki. Gwaggon biri kuwa a bakin titin gandun suke zama suna jiran ayaba daga matafiya, sai wanda gidansa ke dab da shingen zai yi fama da su.

Yanzu ƙasa. A Klagon ki duƙa ki dubi gindin katanga, ta waje, ba ta ciki da aka yi wa sabon fenti ba. In kin ga layi ya miƙe a jikin bulo, ƙasansa ya yi duhu ko ya yi gansakuka, ruwa ne ya sa hannu. Ki dubi maƙwabta: me ya sa wancan ya ɗaga ƙofar gidansa sai an hau matakala huɗu? Ki sa a ɗaga murfin ramin ban-ɗaki. In gidan ba kowa amma ramin ya cika da ruwa, to ruwan ƙasa yana kusa, ranar da aka yi mamako ban-ɗakinki zai dawo miki da abin da kika ba shi. Ginin da aka ɗora a kan ciko kuma yakan zauna a hankali, shekara biyu uku sai ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga iskar teku mai gishiri: ƙarfen taga, kwanon rufi, injin sanyaya ɗaki, ƙofar gareji, duk tsatsa na cin su da wuri. Ga sauro.

A ɓangaren Afienya zuwa Doryumu matsalar baƙar laka ce a wurare da dama. Da damina ta kumbura ta riƙe takalmi, da rani ta bushe ta tsage har hannu ya shige. Wannan kumburi da motsewa shi ke fasa bango. Ana maganinsa in an haƙa harsashi ya wuce lakar, an zuba ƙarfe isasshe an ɗaure gidan ta ƙasa, sai dai kamfanin da ke gina gida ɗari a tare ba kullum yake da wannan haƙurin ba. Tsagar da ta taso daga kusurwar taga ta karkata zuwa ƙasa ita ce abar tsoro. Siririyar da ke kan shafe ba komai ba ce. Ki nemi ganin gidajen da suka fara ginawa, waɗanda suka ga damina biyu ko uku, ba gidan talla ba.

Ruwan sha: a Klagon bututu yana kusa, ko da yake ba kullum yake zuwa ba. A Shai Hills filin busasshe ne, ruwan burtsatse a wurare da yawa yana da gishiri-gishiri. Ki ɗanɗana da bakinki, ki sa sabulu ki ga ko zai yi kumfa. In kowane gida da babban tanki biyu, kuma motar tanka na ta kai da kawo, ki sa kuɗin ruwa a lissafin wata. Da hunturu kuma ciyawa na kama wuta, macizai su nemi mafaka a gidaje, sai an riƙa share kewaye.

Inda Klagon ta yi wa Shai Hills fintinkau shi ne zirga-zirga, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai buɗe shago da safe. Daga Klagon ko ki bi hanyar Spintex da cunkosonta, ko ki hau babban titin Tema mai kilomita 19 da Nkrumah ya buɗe a 1965, ki sauka mahaɗar Tetteh Quarshie ki gangara Nima. Daga wancan kuwa sai kin ratso Afienya, kin wuce mahaɗar Ashaiman da ta Tema, kafin ma ki kai inda na Klagon ya fara. Sallar asuba a mota ko a shago. Layin dogo na Tema zuwa Mpakadan da aka ƙaddamar a 2024 ya bi ta yankin, dillalai suna ta ambatonsa, amma Tema yake zuwa, ba Nima ba.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar talla. A Mamobi in kin yi baƙo da dare akwai mai shayi, in yaro ya yi zazzaɓi akwai maƙwabciya, in an yi rasuwa kafin azahar an haɗu. A unguwar katanga kowa ya shige ya ja ƙofa. Ki tambayi ina masallacin Juma'a, ina Islamiyya, ina mahauci, ina maƙabarta. Daga Klagon, zangon Ashaiman da kasuwar dabbobi ta Tulaku ba su da nisa. Daga Shai Hills asibitin gundumar yana Dodowa, sauran kuma sai an yi mota. Wasu kamfanonin ma suna da dokar hana kiwo da yanka a cikin unguwa, gara ki karanta kafin ragon layya ya zo.

Takardu kuwa, abu ɗaya ake nema a duka biyun, sai ɗan ƙari. Ki ɗauki safiyo mai lasisi naki na kanki, ba na kamfani ba, ya tsaya a kusurwoyin gidan ya ɗauki lambobi, da su za a yi bincike a Hukumar Filaye. Ki ga takardar izinin gini daga majalisar yankin, ki kuma duba ko an shafe jan fentin nan na "a dakata da aiki" a wani bango. Ki sani haya ce mai tsawo ake sayar miki, ba mallaka ta har abada ba, kuma shekarun sun fara ƙirguwa tun ranar da kamfanin ya karɓi filin. In ya karɓi 99 ya ci 15, sauran za ki samu. Wanda ba ɗan Gana ba tsarin mulkin 1992 bai yarje masa fiye da shekara 50 ba, a kula da sunan da za a rubuta in Alhaji takardunsa na Nijar ne ko Nijeriya. Ki tambayi kuɗin ƙasa na shekara da kuɗin gadi da shara na wata, kuma a rubuta farashi da sidi, ba da dala ba.

Ƙarin na Klagon: takarda a rubuce daga sashen namun daji cewa waɗannan lambobin suna wajen iyaka, da shaidar TDC in filin nata ne. Ƙarin na Shai Hills: daga hannun wane dangi kamfanin ya saya, kuma akwai shari'a a kotu ko babu, don a can cutar ita ce fili ɗaya a sayar wa mutum uku. Dokar filaye ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga 'yan ta-kifen da ake ɗauka gadin fili, amma in kin ga samari zaune a ƙarƙashin bishiya da babura a bakin unguwa, ki san akwai magana a ƙasa.

Da ƙanwata ce ke tambaya, ga abin da zan ce mata. Gidan Klagon ya fi dacewa da rayuwarki, amma kada ki ba da ko pesewa sai takardun nan biyu sun zo hannu, kuma kin je wurin a watan Yuni washegarin ruwa mai ƙarfi kin taka da ƙafarki. In kamfanin ya fara cewa takarda tana hanya, ki biya rabi tukuna, ki tattara jakarki ki fito. Na Shai Hills ba zai rushe a kanki ba in harsashi da takarda sun yi kyau, sai dai gida ne na wanda aikinsa ke Tema ko Ashaiman, ko wanda ya kusa ajiye kasuwa. In shi kika saya, ki zuba 'yan haya ki ci gaba da zama kusa da shago har yara su gama makaranta. In safiyon ya ba ki lambobin, turo mini hoton taswirar in duba kafin ki kai wa lauya.