Wata takwas da saka sola a shagon ɗinkina

Ni tela ne a Fagge, kekuna uku gare ni da injin surfani ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama shi ke fara cin kasonsa a cinikina kafin iyalina su gani. Ga hayaƙi. Shaddar mutane fara tas sai ta ɗauki warin fetur, yaron shagona kuma kullum da yamma yana riƙe da kai.

Yayana da ke Agege ne ya matsa mini in saka sola. Ya ce, "Kai, a nan Legas gwamnati ta sa wa kanta wa'adin 2050, hayaƙin da garin ke fitarwa kada ya wuce wanda za a iya shanyewa. Teku na cin gaɓarsu, dole su damu." Ya ba ni labarin jirgin ƙasa mai lantarki da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023. Mu ba teku a Kano, amma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya ishe mu shaida. Nijeriya ma ta yi irin wannan alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021, nata wa'adin 2060.

Wani shago na je a Sabon Gari. Abin da ya fara burge ni, mai shagon bai yi maganar kuɗi ba sai da ya turo injiniyansa ya ƙirga kayan wutata ɗaya bayan ɗaya, har ƙwan fitilar ƙofa. Ya ce, "Malam, faifan sola huɗu da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da batirin litiyam za su riƙe ka, amma ban da dutsen guga." Gaskiya ya faɗa. Guga har yau da na gawayi nake yi, ko in jira a kawo wuta. Kwana biyu suka gama aikin, wayoyin duk a cikin bututu, ba wadda ke lilo a kan yadi.

Inda suka gaza shi ne hunturu. Babu wanda ya gaya mini abin da ƙura ke yi wa faifai. A watan Janairu batir ya fara mutuwa tun kafin Isha'i, na kira sau uku kafin a zo. Da injiniyan ya hau rufi ya shafa yatsa a kan gilashin, sai ga layi baƙi a tsakiyar jan ƙasa. Bokitin ruwa da tsumma ne maganin. Na ji haushin kwana goman da na koma sayen fetur a kan abin da magana ɗaya za ta warware ranar da aka saka.

Tsada kam akwai ta, sai da na haɗa da kuɗin adashi. Duk da haka in ɗan'uwana tela ya tambaye ni, can zan tura shi, in ce ya tambayi maganar ƙura da bakinsa. Ɗinkin ƙaramar sallar bana mun kai ƙarfe biyun dare muna aiki, fanka na juyawa, muna jin karatun rediyo sarai. Janaretan yana nan bayan ƙofa, na ɗora masa buhun ƙyallaye.