Kafin a sayi fom ɗin kwalejin Katolika: takardun da ya kamata a gani da ido

Da zarar sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, zance ɗaya ake yi a gidajen Aboabo da Asawase da Sawaba: ina za a kai yaron nan? Sau da yawa sunan makarantun Katolika kan faɗo cikin shawarar, don mutanen zango sun daɗe da shaidar tarbiyyarsu da tsarinsu, kuma da yawa daga cikin malamai da nas-nas ɗinmu can suka fito. Wannan suna ba a banza suka yi shi ba. Sai dai sunan coci a bakin ƙofa ba shi ke sa takardar shaida ta yi aiki ba. A Ghana hukuma ɗaya ce ke da wannan iko, wato GTEC, hukumar kula da makarantun gaba da sakandare, wadda doka mai lamba 1023 ta shekarar 2020 ta kafa bayan an haɗe tsohuwar hukumar tantancewa ta NAB da majalisar ilimi mai zurfi ta NCTE. Makarantar coci ce ko ta Musulmi ko ta gwamnati, mudu ɗaya ake auna su da shi.

Abin da ya fi rikita iyaye shi ne amincewar da GTEC ke bayarwa iri biyu ce. Akwai ta makarantar kanta, wadda ke nuna an duba filinta da gine-ginenta da shugabancinta da hanyar samun kuɗinta. Akwai kuma ta kowane kwas shi kaɗai. Makaranta na iya samun ta farko, amma kwas ɗin da ɗanku zai karanta bai samu tasa ba, ko ya samu ta ƙare. Amincewar kwas tana da wa'adi, yawanci shekara 3 ga sabon kwas, 5 ga wanda aka sabunta, kuma tana ɗaure da harabar da aka duba. Kwas ɗin da aka amince a koyar a babbar haraba bai zama halal kai tsaye a wani bene da aka kama haya a Adum don ajin Asabar da Lahadi ba. Kada a ɗauka ƙananan makarantu ne kaɗai ke faɗawa wannan rami: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na shekarar 2021 ya lissafa kwasa-kwasai 374 a Jami'ar Ghana da 299 a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, waɗanda ba su da amincewa mai rai a lokacin binciken. Idan manya sun yi tuntuɓe a nan, babu makarantar da za a ɗaga wa ƙafa a kan tambayar.

Masu tantancewa ba hoto suke zuwa ɗauka ba. Ana tura ƙwararru a fannin, su karanta manhajar darasi bayan darasi, su ƙirga malaman dindindin da na haya, su duba ko kowane malami yana da aƙalla digiri na biyu mai bincike a fannin da yake koyarwa, su shiga ɗakin karatu da ɗakin gwaji, su kwatanta yawan ɗalibai da kujeru da kayan aiki. Inda makarantu masu zaman kansu suka fi samun matsala shi ne malamai. A takarda sunaye sun cika, amma da yawa aro ne daga jami'ar gwamnati, sai ƙarshen mako ake ganinsu. Shi ya sa tambayar "malaman dindindin nawa ne a wannan sashe?" ta fi tambayar kyan gini amfani. Zaɓi uku ne a gaban mai neman makarantar Katolika, kowanne da abin da za a duba.

Jami'ar da ta tsaya da ƙafarta

Jami'ar Katolika ta Ghana tana Fiapre, gab da Sunyani, kuma Majalisar Bishop-bishop ɗin Katolika ta ƙasa ce ta kafa ta. Ta fara ɗaukar ɗalibai a 2003 a matsayin kwalejin jami'a, sannan a 2022 shugaban ƙasa ya miƙa mata takardar cin gashin kai da ake kira cata, rana ɗaya da takwarorinta na Methodist da Presbyterian. Ma'anar cata ita ce makaranta ta bar goyon wata babbar jami'a: ita ke shirya jarrabawarta, ita ke ba da digiri da sunanta da hatiminta. Tana da fannonin kasuwanci, koyarwa, kwamfuta, lafiya da nazarin addini.

Amfanin wannan zaɓi shi ne babu jiran wata jami'a ta sa hannu kafin takarda ta fito. Amma cata ba ta yafe wa kowane kwas tantancewa ba, dole a nemi takardar kwas ɗin daban. Sannan ga lissafin nisa. Daga Kumasi zuwa Sunyani ya haura kilomita 120, don haka kuɗin ɗaki da abinci da mota sun shiga cikin kuɗin makaranta ke nan, kuma ita ba ta gwamnati ba ce, iyaye ne za su ɗauki nauyin duka.

Kwalejin da ke goye

Nan ne ya kamata a fi buɗe ido. Kwalejin jami'a, irin ta Spiritan da ke Ejisu a kan hanyar Accra, wadda ta taso a ƙarƙashin kulawar KNUST, ko cibiyar kasuwanci da fasaha ta Katolika, CIBT, a Accra da ta jingina da Jami'ar Ghana, tana koyarwa ne amma uwar goyonta ke ba da digirin. Uwar goyon tana duba takardun waɗanda aka ɗauka, tana tace tambayoyin jarrabawa, tana tabbatar da maki kafin a yaye ɗalibi. A tsohon tsari sai kwaleji ta yi aƙalla shekara 10 a goye kafin ta nemi cata, dokar 2020 kuwa ta matsa wa irin waɗannan makarantu su nemi tsayawa da ƙafarsu. Saboda haka matsayin kwaleji na iya canzawa tsakanin shigar ɗalibi da fitarsa, kuma haƙƙin iyaye ne a faɗa musu a rubuce sunan jami'ar da zai hau kan takardar ɗansu.

Wannan zaɓi yana da daɗi ta fuskoki biyu. Ajin ba ya cika, malami ya san ɗalibi da suna, kuma mutumin Kumasi zai iya kwana a gida ya hau mota zuwa Ejisu. A ƙarshe kuma digirin na babbar jami'a ne. Inda abu ke lalacewa shi ne idan jinginar ba ta shafi kwas ɗin ba. Kwaleji ɗaya na iya jingina wasu kwasa-kwasanta da jami'a guda, wasu da wata, sabon kwas kuma yana nan ba uwa ba uba ana jiran sa hannu. Haka nan idan kwaleji ta yi jinkirin biyan kuɗin jingina ko miƙa maki, takardun ɗalibai ne ke maƙalewa, yaro ya gama karatu ya zauna a gida abokansa suna bautar ƙasa. Ku nemi wanda ya gama shekara biyu da suka wuce, ku tambaye shi wata nawa ya jira takardarsa. Amsarsa ta fi duk abin da ke cikin ƙasidar talla.

Kwalejojin horon malamai da na nas

Mutane da yawa ba su san cewa kwalejojin horon malamai na Katolika na gwamnati ne ta fuskar kuɗi da ɗaukar ɗalibai ba. St. Louis da ke Mbrom a nan Kumasi, wadda ta mata ce zalla, da St. Joseph ta Bechem da St. John Bosco ta Navrongo da OLA ta Cape Coast, duk suna cikin kwalejojin gwamnati 46 da suka koma ba da digirin koyarwa na shekara 4 daga 2018, kowacce a ƙarƙashin wata jami'ar gwamnati. Coci ke riƙe da tarbiyya da ruhin wurin, gwamnati ke biyan malamai. Ga iyali mai ƙaramin ƙarfi da yarinya mai son koyarwa, a ganinmu wannan ne zaɓin da ya fi sauƙin kuɗi da ƙarancin haɗari. A tuna dai digiri kaɗai ba ya sa mutum a aji, sai da lasisin majalisar malamai ta NTC.

Makarantun nas da ungozoma na Katolika, irin su Holy Family ta Berekum da St. Patrick ta Offinso da St. Michael ta Pramso, suna da gata ɗaya babba: kowacce tana manne da asibitin mishan, ɗalibi na ganin marar lafiya tun da wuri. A fannin lafiya amincewar GTEC rabin zance ce. Dole Majalisar Nas da Ungozoma ta amince da makarantar, ta kuma yi wa ɗalibi rajista da lamba tun farkon karatunsa. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar lasisi ba, ko da shi ne na ɗaya a aji. Abin da ke jawo wannan yawanci shi ne makaranta ta ɗauki fiye da adadin da aka ware mata, ko ta ɗauki wanda sakamakonsa bai cika ba. Sharaɗin amincewar majalisar da lambar rajista ya hau kan digirin nas na jami'a mai cata ma.

Sakamakon yaron kansa

Ƙa'idar shiga digiri ita ce A1 zuwa C6 a darussa shida: Turanci, lissafi, da kimiyya ko nazarin zamantakewa, sai darussan zaɓi uku, jimillar maki kada ta wuce 36. Duk wanda ya ce muku a kawo yaro da D7 a Turanci ko lissafi, a gyara daga baya, cinikin biri a sama yake tayi. Ranar da uwar goyo ko hukuma ta binciki fayil, yaron ne zai fita, kuɗin shekara biyu kuma ba ya dawowa. Gara ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Wanda ya kai shekara 25 yana da ƙofar manya, da jarrabawar shiga tata daban.

Hannun Roma da zaman Musulmi

Wani lokaci za a ce muku Vatican ta amince da makaranta. Gaskiya ne fadar Fafaroma tana da hukumar duba inganci mai suna AVEPRO, wadda Fafaroma Benedict na 16 ya kafa a 2007, amma aikinta ya shafi jami'o'i da tsangayoyin da ke ba da digirin coci ne, kamar tauhidin Kirista da dokokin coci. Ba ta maye gurbin GTEC a kan digirin akanta ko na nas, kuma ba ita hukumar bautar ƙasa ko asusun rancen ɗalibai za su tambaya ba.

Dokar da Fafaroma John Paul na 2 ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika ta ce a girmama 'yancin imanin kowa, ta kuma nemi wanda ba Katolika ba ya girmama aƙidar makarantar. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ma ya ba kowa 'yancin addininsa, kuma zumuncin da ke tsakani ba ɓoyayye ba ne, kowa ya ga Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu a cocin Christ the King ta Accra a 2019. Amma zaman yau da kullum littafin dokokin ɗalibai ne ke yanke shi, kuma ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, ya fi tsauri a inda ake kwana da sa yunifom. A karɓi littafin kafin a biya ko sidi ɗaya, a duba ko halartar taron addu'a dole ne ga kowa, ko an yarda da hijabi a aji da ɗakin marasa lafiya, ko akwai wurin salla, ko darasi na cin karo da Juma'a, da yadda ɗakin girki ke yi da masu azumi wajen sahur. Idan akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA a harabar, shugabanninta za su faɗi yadda abin yake a aikace. Iyalin da amsoshin ba su kwanta musu ba suna da Kwalejin Al-Faruq a Wenchi don koyarwa, da Kwalejin Jami'ar Musulunci a Accra, su ma a bi su da tambayoyin takardu iri ɗaya.

Ranar zuwa ofishin rajistara, a tafi da ainihin sunan kwas ɗin kamar yadda yake a fom, don harafi ɗaya na iya raba wanda aka amince da shi da wanda ba a amince ba. A nemi ganin takardar amincewar makaranta da ta kwas, a karanta ranar farawa da ranar ƙarewa da sunan harabar, sannan a kwatanta da jerin da ke shafin GTEC na intanet. Idan wa'adin ya ƙare aka ce ana kan sabuntawa, a nemi wasiƙar da ke nuna an miƙa buƙatar, a ɗauki hotonta. Kuɗi kuma a zuba shi a asusun banki mai sunan makarantar, a adana rasit tare da takardar ɗauka a fayil ɗaya har ranar da digirin ya shigo hannu.