Saitin gyaran birki da ƙafar gaba: abin da na gani bayan na ɗaura wa tsohuwar Marsandi

Motar Marsandi ce 230E, ƙirar 1983, irin wadda masu ita ke kira W123. Ta Baba ce, kuma ta dawo hannuna bayan ta ci kilomita sama da 300,000. Injinta lafiya lau, giya ma haka. Ƙasan motar ne ya gaji. In na taka birki sai ta fizgi sitiyari zuwa hagu. In ta faɗa ɗan rami sai ka ji ƙwal a gaba, kamar an buga guduma a kan ƙarfe. Tayoyin gaba suna cinyewa ta gefen ciki, na waje kuwa yana nan sabo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rim ɗin gaba na dama: bayan tafiyar minti ashirin ba ka iya ɗora masa hannu saboda zafi, alhali na hagu ɗumi kawai yake yi.

Na yanke shawarar yin aikin da hannuna, sai na yi odar wani saiti daga wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci ta intanet. A tallarsa ya ce saitin cikakke ne, duk abin da gaban mota ke buƙata yana ciki. Kwali biyu suka iso. Akwai diski biyu na gaba, fad ɗin birki, robobin gyaran kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin diski), tiyon birki biyu, hannun sama na hagu da dama (ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da jikinta ta sama), boljoyin na ƙasa biyu (gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta), bushin na hannun ƙasa (robar da ke mahaɗarsa da jikin mota), tayarod biyu da shokazoba biyu. Tun yanzu in faɗi hukuncina: ƙarfen da ke cikin kwalayen nan mai kyau ne, robarsa ba ta kai ƙarfen ba, kuma kalmar "cikakke" ba ta dace da shi ba. Ƙananan abubuwan da aka bari a waje su suka mai da aikin kwana uku ya koma na mako biyu.

Da diski na fara. Kowane diski yana da lambar mafi ƙarancin kauri da aka buga a gefensa, kuma da na goge tsatsa na auna tsofaffin, duka biyun sun yi ƙasa da lambar, har sun yi leɓe a baki. Sababbin sun zo a shafe da mai don kada su yi tsatsa, na wanke su tas da maganin wanke birki. Nauyinsu da laushin fuskarsu sun gamsar da ni, ramukan ƙusoshi sun hau daidai ba tare da na taɓa su da komai ba. Sai dai a wannan mota diskin gaba ba ya zarewa haka kawai bayan ka cire taya. Ta baya aka ɗaure shi a jikin hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kanta, dole sai ka fitar da hob ɗin gaba ɗaya tare da boris ɗinsa. Duk wanda ya san motar ya san cewa in ka buɗe wurin nan kana buƙatar sabon sil, robar da ke hana giris fita. Babu shi a cikin saitin. Nawa tsofaffin sun bushe sun tsage, sai da na jira kwana huɗu mota na rataye kafin wasu su zo. Da na mayar da hob ɗin na saita wasan boris da agogon awo, domin abin da littafin motar ya yarda da shi ɗan kaɗan ne ƙwarai, tsakanin 0.01 da 0.02 na milimita. Yatsa ba ya jin wannan. In ka matse ya yi yawa boris ya ƙone, in ka sassauta taya ta yi rawa.

Kalifa ce ta fi ba ni takaici. Waɗannan motoci sun fito da kalifa iri fiye da ɗaya, wasu na ATE, wasu na Bendix, kuma robobinsu ba sa shiga wa juna. Sunan yana nan a jikin ƙarfen in ka kankare datti. Mai saitin bai tambaye ni wace iri ce tawa ba, bai kuma rubuta wace iri ya sa a kwali ba, sai da na baje komai a kan tebur na ga robar ƙura ba ta zauna a bakin fistin. Da na rubuta masa ya amsa washegari cikin ladabi ya aiko da daidai, wannan kam na yaba masa. Amma tambaya ɗaya a lokacin oda da ta wadatar.

Kowace kalifa ta gaba tana da fistin biyu, ɗaya ta kowane gefe. Na fitar da su da iskar famfo, na sa guntun katako a tsakiya domin fistin yana fitowa da ƙarfin da zai iya murƙushe yatsa. Uku sun fito sumul. Na huɗu, na ciki a dama, ya ƙi motsi sai da ya kwana a jiƙe, da ya fito kuwa duk jikinsa ramukan tsatsa ne. Irin wannan ba a goge shi a mayar, domin zai yanka sabuwar roba cikin 'yan makonni. Na sayi sabo daban. Wajen haɗawa man birki kaɗai na shafa wa robobin. Man inji ko fetur in ya taɓa su kumbura suke yi, birkin ya lalace daga ciki ba ka sani ba.

Tiyon birki na dama na yanka shi gida biyu don in ga cikinsa. Daga waje ba shi da tsaga ko ɗaya, amma ramin ciki ya kumbura ya kusa toshewa, da ƙyar allura ta wuce. Ga dalilin zafin rim ɗin nan: in na taka, ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce, in na saki kuwa man ba ya samun hanyar komawa, sai fad ya ci gaba da riƙe diski. Sababbin tiyon da suka zo tsawonsu daidai, zarensu ya hau lafiya. Amma biyu ne, mota kuwa huɗu take da su, kuma na baya shekarunsu ɗaya da na gaba. Na ƙaro biyu. Duk mai shirin kwance su ya nemi sifana mai lamba 11 irin mai tsaga a baki wadda ake yi wa bututun birki, ya jiƙa mahaɗar da man sassauta tsatsa tun daren jiya. Sifana ta kullum tana cinye kan notin, daga nan kuma aiki ya koma canza bututun ƙarfe.

Fad ɗin ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. Filolin da ke riƙe su da wayar da ke kunna fitilar gargaɗi in sun cinye, su ma ba a sa ba.

Yanzu sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, wanda shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Sifirin gaba na W123 dogo ne, kuma a matse yake da ƙarfi mai ban tsoro ko da mota na rataye taya na lilo. Ba za ka canza bushin na hannun ƙasa ba sai ka cire shi. A shafin saitin, mai sayarwa ya ba da shawarar a haɗa da abin matse sifirin irin mai ƙugiya biyu da ake maƙalawa ta waje. Na saya. Da na ɗora shi na fara murzawa, sai na ga sandunan suna lanƙwasa, ƙugiya ɗaya tana zamewa a hankali tana bin zagayen sifirin tana matsowa kusa da 'yar'uwarta. Ƙanena da ke riƙe mini fitila ya ce, "Yaya, don Allah dakata, abin nan tafiya yake yi." Na sassauta shi zare bayan zare, jikina na ɓari, na ajiye shi gefe ban sake ɗauka ba. Sifirin irin wannan in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko muƙamuƙi, yana iya kisa. Abin da ya dace da motar shi ne mai faranti biyu da ake zurawa tsakanin zagayen sifirin, da sanda ɗaya da ke bi ta tsakiya ta kulle su. Da na samo shi, aikin da ya gagara yini guda bai wuce minti ashirin a kowane gefe ba, sifirin ya fito a miƙe yana kulle. Har yanzu raina yana ɓaci in na tuna cewa shawarar nan tana nan a shafin, kuma wani zai bi ta. Na rubuta wa mai sayarwa a kan haka sau biyu.

Wani abu da ya danganci wannan: a motar nan shokazoba ne ke tare hannun ƙasa kada ya faɗi. Ba a kwance shi sai mota na ƙasa a kan tayarta, ko kuma an tokare hannun da jak. Ita kanta motar a kan ƙafafun ƙarfe na ɗora ta, na sa katako a bayan tayoyin baya. Ban taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai ba.

Hannun sama ya zo da boljoyin ɗinsa a jiki, ya hau ba gardama. Boljoyin na ƙasa kuwa matse shi ake yi a cikin ƙarfen da ke riƙe taya, guduma ba ta fitar da shi lafiya, ba ta kuma shigar da sabo a miƙe. Wannan kaɗai na kai wa mai injin matsa ya yi mini. Tsofaffin da suka fito kana girgiza su da hannu suna ƙara, su ne masu ƙwal ɗin nan. Bushin na hannun ƙasa sun shiga da ɗan ruwan sabulu da haƙuri. Kafin in kwance ƙusar da ke riƙe hannun na yi mata alama da fenti, domin kanta ba a tsakiya yake ba, da ita ake saita tsayuwar taya. Da na mayar kuma ban ɗaure ta tamau ba sai da na sauke mota ta zauna da nauyinta na girgiza ta. In ka ɗaure bushin mota na sama, robar za ta zauna a murɗe tun ranar farko, ba za ta yi shekara ba. Babu takarda ko ɗaya a cikin kwalayen da ta faɗi wannan, ko ta faɗi ƙarfin ɗaurin kowane noti. Daga littafin gyaran motar na samo su, na bi da sifana mai awo. Notin da ke kulle kansa, wanda ba a maimaita shi, wasu sassan sun zo da shi, wasu babu.

Shokazoba sun yi kyau. Tsofaffin ina tura su da hannu suna shigewa ba su dawowa.

Cire iska daga birki muka yi mu biyu, ni da ƙanena. Man DOT 4 na zuba, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma yana shan danshi daga iska, in ya sha kuwa lambar tana iya sauka zuwa wajen 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wanda na zubar baƙi ne ƙirin, ban san shekarunsa ba. Mun fara da tayar da ta fi nisa da masta (famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi), wato baya dama, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Na sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ƙanena ya kai ta ƙasa. A tsohuwar masta, can ƙarshen ramin inda fistin bai saba zuwa ba akwai datti da tsatsa, in roba ta bi ta kai sai ta yage, ka gama gyaran ƙafa huɗu ka tarar masta ta mutu. Ina cewa taka, riƙe, saki, ina buɗewa ina rufewa, ina leƙa kwalbar sama kada mai ya ƙare. A zagaye na biyu ya ce, "Yaya, ta yi tauri yanzu." Na ɗaure ƙusoshin taya a kan Nm 110 na sifana mai awo, na kai ta aka saita alaimen, domin wanda ya canza tayarod da bushin ba shi da zaɓi a nan. Sannan na nemi hanya marar mutane na yi ta taka birki a hankali daga gudun kilomita 60 a awa zuwa kusan tsayawa, sau goma, ina barin diski ya huce, don fad ya kwanta.

Ranar da na fara fita da ita sosai na saki sitiyari kaɗan na taka birki, ta tsaya a miƙe. Na sauka na taɓa rim biyun, ɗuminsu ɗaya. Ƙarar ta tafi. Motar ta dawo da tafiyar nan tata mai nauyi da natsuwa wadda na sani tun ina yaro a kujerar baya, na daɗe a zaune ban kashe inji ba.

Wanda ya taɓa aikin birki, yake da littafin motarsa da kayan awo, saitin nan zai rage masa yawon neman sassa ɗaya-ɗaya, in dai ya duba sunan kalifarsa kafin oda ya kuma haɗa da sil, filoli, wayar gargaɗi da tiyon baya. Wanda bai taɓa ba kuma ya dogara da kalmar "cikakke", ba zan ba shi shawarar ya fara da wannan ba.

Yanzu ta yi kilomita 4,000 da aikin. Makon jiya na ɗaga ta na duba. Diski sumul, babu ɗigon mai a ko'ina, boljoyin ba sa wasa. Amma robar ƙura ta tayarod na hagu ta fara tsagewa a wuya, ta dama ma ta yi fari-fari ta bushe, alhali waɗanda na cire sun yi shekaru kafin su kai haka. In ƙasa ta shiga nan, ƙarfen mai kyau ba zai daɗe ba. Na yi odar robobi daban daga wani wuri, ranar Asabar zan canza su, in kuma auna diskin baya tunda mota za ta kasance a sama.