Zagayen lambunan unguwa a Legas: itatuwan sun gamsar da ni, teburin sha yana buƙatar gyara

Wata ranar Asabar a tsakiyar damina, bayan sallar asuba, ni da maiɗakina muka tashi daga Agege muka nufi wata unguwa a ɓangaren Ikeja, inda wasu mazauna wurin suke shirya zagayen lambuna lokaci-lokaci. Tsarin nasu shi ne mutum ya biya kuɗi tun kafin ranar, a haɗa shi da wasu mutane kaɗan, a zagaya da su a ƙafa daga wannan lambu zuwa wancan ana nuna musu itatuwa da tsirrai na asalin ƙasar nan, daga ƙarshe kuma a zauna a ɗanɗana abubuwan sha na gida. Abin da ya kai ni shi ne ɗan filin da ke ƙofar gidan da muke haya. Sau biyu ina tahowa da dashen magarya daga gida ina sa shi a wurin, kuma duka biyun saiwarsa ta ruɓe kafin damina ta raba.

Wadda ta ja mu wata dattijuwa ce Bayarabiya, tsohuwar malamar makaranta, kowa yana kiranta Mama. Da na gaya mata labarin magaryata, sai ta durƙusa ta damƙo ƙasar wurin ta matse a hannunta har ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunta, ta ce: "Malam, itacen da ya saba da ƙishirwa ka kawo masa ambaliya." Gaskiya ta faɗa, domin ruwan saman da ke sauka a Legas a shekara ya kusan ninka na Kano, kuma a unguwanni da yawa ba sai an yi haƙa mai zurfi ba ake tarar da ruwa. Darasin ranar gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya, wato mutum ya fara duba abin da ƙasa ta saba haifarwa kafin ya ɗora mata abin da ransa yake so.

A lambu na farko, wanda yake bayan katangar wata makaranta, muka tsaya a gindin wani matashin itace mai ƙayoyi a jikinsa. Mama ta ce sunansa araba. Maiɗakina ce ta riga ni gane shi, ta ce: "Ai Malam, wannan rimi ne." Nan take abin ya faɗo mini, cewa unguwar Idi-Araba, inda Hausawa suka daɗe da zama, ma'anar sunanta da Yarabanci ita ce gindin rimi. Shekara da shekaru ina zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya a unguwar, ban taɓa haɗa sunanta da Unguwar Rimi ta Kaduna ko Kasuwar Rimi ta Kano ba. Mama ta yi mana gargaɗi cewa rimi da loko, wanda su suke kira iroko, ba itatuwan tsakar gida ba ne, saboda girman da suke yi da kuma saiwoyinsu da ke iya tsaga gini, sai dai a filin makaranta ko na masallaci mai faɗi. Na ji daɗin wannan gargaɗi, don ya nuna mini cewa ba sayar da dashe kawai ya dame su ba.

Lambu na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai. An kewaye shi da shingen aduruku mai rai maimakon waya ko bulo, kuma Mama ta nuna mana yadda ake yanko reshensa a soka a ƙasa ya kama ba tare da wata wahala ba. Yarabawa suna kiransa akoko, kuma da ganyensa ake naɗa sarakuna da masu riƙe da sarauta a ƙasarsu, abin da ya sa suke girmama shi. A cikin shingen an jera shuwaka da ɗoɗɗoya da ugu da ke hawa kan rumfa, a can ƙarƙashin inuwa kuma, inda rana ba ta kaiwa, an shuka wannan ganye mai faɗi da ake naɗe alala da shinkafar ofada a cikinsa. Tsiro ne na ƙurmin Afirka ta Yamma, yana son inuwa da laima, don haka lungun da ke tsakanin katanga da katanga, wanda a gidajen haya na Legas ba ya tara komai sai gansakuka da tarkace, shi ne wurin da ya fi dacewa da shi. Maiɗakina ta daɗe a tsaye a wurin tana lissafin kuɗin da take kashewa wajen sayen wannan ganye a kasuwa.

A nan ne kuma aka miƙa wa kowa wani ɗan jan 'ya'yan itace da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wanda suke kira agbayun. Aka ce mu tsotse shi mu juya shi a kan harshe, mu tofar da ƙwallon, sannan aka ba mu yankan lemun tsami. Na sa a baki ina jiran haƙorana su mutu, sai na ji zaƙi kamar an barbaɗa masa sukari. Wani sinadari ne a cikin ɗan itacen yake manne wa harshe ya mayar da tsami zaƙi na ɗan lokaci. Wani yaro da ya zo tare da mahaifinsa ya shanye yanka uku yana neman ƙari.

Wani abin da Mama ta yi, wanda ya cancanci yabo, shi ne ba ta zagi baƙin itatuwa ba. Ta gaya mana cewa dogon yaro da mangwaro daga yankin Indiya suka zo, kashu kuma daga Barazil, kuma duk sun zauna sun yi amfani. Damuwarta ita ce yadda masu sayar da furanni a bakin titi suka cika gari da irin itace guda, wannan dogon siriri da ake jerawa a jikin katanga, wanda shi ma baƙo ne, ba ya ba da inuwar kirki kuma ba ya ba da abin ci. Ta kuma kawo misalin ciyawar ruwan nan mai fure shuɗi-shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ruwayen Legas a shekarun 1980 kuma har yau take toshe wa jiragen ruwa hanya a wajajen Ikorodu. Gwamnatin jihar ta ware 14 ga Yuli a matsayin ranar dashen itatuwa, kuma ra'ayin Mama shi ne a riƙa tambayar wane iri ake dasawa, ba guda nawa aka dasa kaɗai ba. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Inda na samu matsala shi ne teburin sha. Tun a sanarwarsu sun faɗa cewa za a ɗanɗana giyar gida, kuma na kira na tambaya kafin in biya, aka tabbatar mini akwai abin sha marar sa maye ga wanda ba ya shan barasa. Akwai ɗin kuwa, kuma mai kyau: zoɓo da aka dafa da citta da kanumfari, kunun aya mai sanyi, da ruwan tsamiya. Sai dai duk a kan teburi ɗaya aka jera su tare da bammi, da kuma wata giya da aka yi da zoɓon kansa. Ba a noman inabi a Legas, don haka abin da suke kira giyar gida shi ne bammi da giyar da ake haɗawa da 'ya'yan itatuwa. Kwalaben zoɓon biyu iri ɗaya ne, launinsu ɗaya, kuma babu rubutu a jikin ko ɗaya. Maiɗakina ta riga ta miƙa kofi ke nan wani saurayi daga cikin masu hidima ya yi sauri ya ce: "Hajiya, ba wannan ba, wancan ne naku." Allah ya kiyaye, amma bai kamata a ce kiyayewar ta rataya a kan idon yaro guda ba.

Haka kuma wani daga cikin baƙin ya yi ta lallashina in kurɓi bammin, wai sabo ne bai riga ya zama giya ba. Gaskiya ne ruwan yana fitowa daga jikin kwakwar manja ko tukurwa da zaƙinsa, amma yana fara tsimuwa da kansa tun daga lokacin da ya taru a cikin gora, kuma cikin 'yan sa'o'i ya zama abin sa maye. Wanda aka tatsa da asuba aka kawo teburi da hantsi ba abin da Musulmi zai yi wasa da shi ba ne. Ba ina cewa a hana wasu abin da suka zo nema ba, kowa da addininsa a garin nan. Abin da nake roƙo shi ne a raba teburi biyu, a rubuta sunan kowane abin sha a jikin kwalbarsa, a kuma ware kofuna. Na faɗa wa Mama haka kafin mu tafi, ta saurare ni da kyau, ta ce za ta kai maganar gaban sauran.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne. An fara a makare, babu wurin zama a lambu biyu na farko ga dattawan da suka gaji, kuma hanyar da ke tsakanin lambunan ta yi caɓi, don haka duk mai zuwa ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa. Bayanin da Turanci ake yi da ɗan Yarabanci, kuma babu mai sanin sunayen tsirran da Hausa, sai abin da muka gane da idonmu.

Wanda yake son ganin daji sosai ya tafi Lekki Conservation Centre, wadda aka kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78, ya hau gadar sama mai tsawon mita 401. Wannan zagaye kuwa na mai ɗan fili ne ko mai 'yan bokitai a baranda, wanda yake son sanin abin da zai shuka ya rayu, kuma ta wannan fuska kuɗina bai tafi a banza ba. Zan sake zuwa da rani don in ga yadda lambunan suke idan ruwa ya ɗauke, kuma zan sake kira in tambaya ko an raba teburin kafin in gayyaci surukina. Kowa an sallame shi da dashe guda a cikin kuɗin da ya biya. Ni na zaɓi reshen aduruku, na soka shi a daidai ramin da magarya ta mutu, kuma yanzu haka ya fitar da ganye huɗu.