Minsharin maigida da na yaro: inda suka haɗu da inda suka rabu

Wata 'yar'uwa a wannan zaure ta ce maigidanta yana minshari har numfashinsa ya ɗauke ya zabura, ga kuma ɗansu mai shekara 5 ya fara irin haka, tana son ta san ko ciwo ɗaya ne, kuma ko magani ɗaya za a nema musu.

Hajiya, tushen matsalar ɗaya ne. Idan barci ya yi nauyi tsokokin maƙogwaro suna saki, hanyar iska ta toshe, oksijin ya ragu a cikin jini, sai ƙwaƙwalwa ta tashi mutum ya ja numfashi ya koma barci, da safe kuma ba ya tuna ya farka. Amma dalilin toshewar ya bambanta. A wurin babba, yawanci ƙiba ce da kaurin wuya, shekaru kuma suna ƙara ta, haka sigari da giya da magungunan sa barci. A wurin yaro, musamman tsakanin shekara 2 zuwa 8, galibi tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil ne suke girma, tare da tsokar bayan hanci wato adinoyid, har su cike hanyar iska ko da yaron siriri ne.

Da rana ne bambancin ya fi ruɗar mutane. Babba yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi ta gyangyaɗi a masallaci ko wurin aiki, wani ma a bakin sitiyari, kuma sau da yawa hawan jininsa ba ya jin magani. Yaro kuwa ba lallai ya yi gyangyaɗi ba. Sai ki ga ƙiriniyarsa ta ƙaru, ba ya natsuwa a aji, yana numfashi ta baki, yana fitsarin kwance bayan ya daina, yana jiƙa matashi da gumi, ko kuma girmansa ya tsaya. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake duka a kan rashin ji, alhali barci ne ba su samu ba.

Gwajin da ke tabbatar da ciwon shi ne a kwana a asibiti da na'urori a jiki, a ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa ɗaya. Ga babba, daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ga yaro, ko sau 1 a awa ba daidai ba ne, abin da ya haura 10 kuma mai tsanani ne, wato adadin da za a kira mai sauƙi a wurin uba yana iya zama babban abu a wurin ɗa. Da yake wannan gwaji ba ko'ina ake samunsa a wajenmu ba, ki ɗauki bidiyonsu da waya suna barci, yadda za a ga ƙirji a kuma ji sauti, ki kai wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Maganin babba da aka fi dogara da shi shi ne na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan ya gabatar a Sidni ta Ostareliya a 1981. Tana hura iska ta abin rufe hanci don hanyar ta zauna a buɗe, amma tana aiki ne kawai a daren da aka saka ta, don haka dole maigida ya tanadi batir ko sola saboda ɗauke wuta. Rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine suna taimakawa ƙwarai. Barin ciwon babu magani yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Shi yaro kuwa, matakin farko yawanci tiyata ce ta cire tonsil da adinoyid, kuma yara da yawa suna samun sauƙi sosai bayanta, sai dai mai ƙiba yana iya buƙatar a sake duba shi. Idan abin mai sauƙi ne, likita kan fara da maganin fesawa a hanci. Ina roƙonki kada a kai shi wurin wanzami cire beli, domin belin ba shi ne ya toshe hanyar ba, ga haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta. Idan kuma yaron yana da sikila, ki faɗa wa likita tun a zuwan farko, domin wannan matsala ta fi yawa a cikin masu sikila, kuma ƙarancin oksijin da dare yana iya tayar musu da ciwo.