Hattara da masu tallar man CBD wai yana warkar da ciwon mantuwar tsofaffi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida masu fama da ciwon mantuwa ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Akwai wata damfara da take yawo yanzu a Facebook da TikTok da guruf guruf na WhatsApp, ana tallar wani mai a 'yar ƙaramar kwalba mai ɗigo, wai shi man CBD, wai in ana ɗiga wa Baba ko Inna a ƙarƙashin harshe safe da yamma tunaninsu zai dawo garau, har su koma gane jikokinsu. Wallahi ƙarya ce. Har yau ɗin nan babu maganin da yake warkar da cutar Alzheimer, wato cutar ƙwaƙwalwa da ta fi kawo wannan mantuwar ta tsofaffi, ko a Amurka ko a Jamus inda likitan da aka saka wa cutar sunansa ya fara bayaninta a 1906, balle a hannun wani mai lambar waya ɗaya da hoton farar riga.

Abin da ya sa na kasa yin shiru, maƙociyarmu ce aka yi wa. Mahaifiyarta ta kai matsayin da za ta idar da azahar ta shafa addu'a, ta juyo ta tambaye ka an kira salla kuwa, in la'asar ta yi sai ta ƙulle kayanta a zani ta tsaya bakin ƙofa wai za ta tafi gida babanta na jiranta, mutumin da ya rasu tun kafin a haifi ita maƙociyar tamu. Duk wanda ya yi jinyar irin wannan ya san ba a barci. To a cikin wannan halin maƙociyar tamu ta ci karo da tallar, ta yi magana da mutumin, murya mai daɗi, Hajiya kaza Hajiya kaza, in sha Allahu an zo ƙarshen wahala, ya turo mata bidiyon wasu tsofaffin Turawa suna dariya wai duk sun warke. Ta tura kuɗi cikin akawun ɗin wani mutum daban, ba ma sunan kamfani ba, aka aiko da kaya tasha ta hannun direba. Na riƙe kwalbar da hannuna: babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, babu adireshin inda aka yi shi, takardar jikin ma a karkace aka manna ta. Da aka fara ba wa tsohuwar sai barci ba dare ba rana, ga gudawa, abinci ma ta daina karɓa. Da aka kira shi sai cewa ya yi ai cutar ce take fita, a ƙaro kwalba biyu kar a katse. Ranar da ta ce a dawo mata da kuɗinta ranar ya toshe lambarta.

Shi CBD ɗin fa akwai shi da gaske, kuma a nan suke samun ƙofar shiga. Sinadari ne da ake cirowa daga ganyen wiwi, sai dai shi ba ya bugarwa kamar ɗan uwansa THC. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka wato FDA ta amince da wani magani mai suna Epidiolex da aka yi da shi, amma na wasu nau'ukan farfaɗiya ne masu tsanani da suke kama yara, likita ne yake rubutawa yana kuma duba hantar mara lafiya. Ba na mantuwa ba ne. Shi kuwa binciken da 'yan tallar suke ta ɗagawa, yawancinsa a kan ɓeraye aka yi shi da kuma cikin ɗakin gwaji, ɗan abin da aka gwada a kan mutane kuma ƙananan gwaje gwaje ne a kan rage fitina da rashin natsuwa, ba dawo da tunani ba. Su sai su ɗauki wannan su ce "masana sun tabbatar".

Kuma kar ku ɗauka a nan aka fara. A 2019 FDA ta rubuta wa kamfanin Curaleaf takardar gargaɗi saboda iƙirarin da yake yi a kan kayan CBD ɗinsa, har da batun Alzheimer, a Disambar 2020 kuma hukumar kula da cinikayya ta Amurka FTC ta ɗauki mataki kan kamfanoni 6 masu irin wannan tallar. Har sunan manyan mutane suke sata su haɗa hirar ƙarya, ɗan fim ɗin nan Clint Eastwood sai da ya kai ƙara, a 2021 kotu ta yanke a biya shi sama da dala miliyan 6. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2017: an sayo kayan CBD guda 84 a intanet aka auna, kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki, kuma an samu THC mai bugarwar a cikin guda 18. Wannan fa a Amurka ne, to ina ga wanda aka ɗura a bayan shago aka ba direba? Ka ɗauki abin da ba ka san mene ne ba ka ɗiga wa mahaifiyarka mai shekara 80 wadda dama a ruɗe take, ta tashi fitsari da dare jiri ya kwashe ta ta karya ƙugu, wa za ka kama?

Ko na gasken ne ma yana da illa. Yana sa barci da gudawa da rashin cin abinci, yana iya taɓa hanta, kuma yana karo da wasu magunguna irin su warfarin na tsinka jini, alhali tsofaffinmu da yawa dama suna kan maganin hawan jini ko na suga ko na zuciya. A Ingila a 2023 hukumar abinci ta rage adadin da take ba da shawara ga babba mai lafiya daga miligiram 70 zuwa 10 a rana. Sannan ku tuna wiwi haramtacce ne a dokar Najeriya, in aka tare ɗan saƙonku a hanya da kwalbar da babu takarda, da NDLEA zai yi bayani, shi mai tallar yana can.

Ni ban ga laifin wanda ya saya ba, ƙaunar iyaye ce da gajiya, su kuma azzaluman nan da ita suke cin kasuwa. Amma kuɗin nan a kai tsohon asibiti ya fi. Ba kowane gigin tsufa ne Alzheimer ba, wani ƙarancin bitamin B12 ne, wani matsalar maƙoƙo, wani ciwon sanyin mafitsara ne kawai yake birkita shi, kuma waɗannan ana maganinsu. In ma ita ce, akwai magunguna irin su donepezil da memantine da likita zai iya rubutawa, ba sa warkarwa amma suna ɗan sassauta wa wasu. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba ya nufin an ce iyayenka sun haukace.

Wanda ya riga ya saya yana bayarwa, kar ya jefar da kwalbar, ya tafi da ita wajen likita tare da sauran magungunan da tsohon yake sha, ya faɗi gaskiyar tun yaushe aka fara. Ku ajiye hoton hirarku da mai tallar da rasit ɗin tura kuɗin, ku kai rahoto banki da ofishin NAFDAC na jiharku, shafin nasu kuma ku yi masa rifot. Dan Allah a tura wa guruf ɗin dangi, musamman 'yan uwanmu mata da jinyar ta fi faɗawa a kansu.